Kaza da karas a romon lemo: me ya sa nawa yake ɗaci, kuma ba ya danƙo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Bauchi nake. Sau biyu ina gwada kaza da karas da ruwan lemon zaƙi. Karon farko na haɗa komai a tukunya ɗaya, romon ya fito tsululu yana ɗaci-ɗaci, karas ɗin kuma ya ƙi nuna. Karo na biyu na shafe kazar da lemo da zuma na ɗora a gawayi, waje ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa da sauran jini. Ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abu ɗaya ne ya ɓata miki girkin duka biyun: kin sa lemon da wuri. A wannan girki lemo shi ne na ƙarshen shiga. Kaza ta nuna tukuna, karas ya kusa nuna, sannan a kawo lemo ya lulluɓe su.

Dalilin yana cikin ruwan lemon kansa. Abu biyu yake ɗauke da su, tsami da sukari. Tsami yana hana kayan lambu laushi. Shi ya sa wake yake taurin kai idan aka zuba masa tumatir tun farko, kuma abin da ya sami karas ɗinki ke nan. Sukari kuwa, wanda ya kai giram 8 zuwa 9 a kowane mililita 100 na ruwan lemo, yana fara ƙuna tun zafi bai wuce digiri 160 da yawa ba, zuma ma ta fi shi saurin ƙonewa. Garwashi ya zarce wannan zafi nesa ba kusa ba. Cinyar kaza tana son kamar minti 35 a kan wuta, zuma kuma ba ta jure ko minti goma, to dole waje ya ƙone kafin ciki ya nuna.

Mu fara daga kasuwa. Lemon da ake nufi shi ne na bishiya. Na faɗi haka ne don a wurinmu duk abin sha mai zaƙi lemo ne, kuma akwai masu zuba na kwalba ko na kwali. Yawancin waɗannan an ƙara musu sukari da kala, da sun ji wuta sai su koma kamar alewa. Yawancin lemon da ake saukewa a Muda Lawal da Wunti daga Binuwai yake zuwa, kuma kada koren ɓawonsa ya ruɗe ki. Sanyin dare ne yake mayar da ɓawon lemo ruwan ɗorawa, can kuwa babu wannan sanyi, sai ya nuna sarai yana kore. Ki ɗauka a hannu ki ji nauyi: mai nauyi, mai santsin ɓawo marar kauri, shi ne mai ruwa. Ki sa a yanka miki ɗaya ki ɗanɗana, domin yawan zumar da za ki sa ya danganta da abin da harshenki ya ji a nan.

Kada ki bari mai lemo ya fere miki duka. Wannan siririn ɓawo da yake zarewa da wuƙarsa yana murɗewa yana faɗuwa cikin baro, a nan ƙamshin lemo yake. Ki matsa shi kusa da hancinki, za ki ga wani ɗan mai yana fesowa. Ruwan lemo da zarar ya tafasa ƙamshinsa yake tafiya, ɓawon ne yake dawo da shi. Ki wanke lemo biyu sosai, ki goga bayansu a ƙananan ramukan abin goga kuɓewa, a hankali, kina juyawa. Da kin ga fari ya leƙo ki matsa gaba, don farin nan na ƙarƙashi ɗaci ne zalla. Cokalin shayi ɗaya ya isa kaza guda, musamman koren ɓawo da ya fi kaifi.

Ɗacin da kika ji yana da ƙofofi da yawa, kuma ina zargin ta fiye da ɗaya ya shigo miki. Akwai 'ya'yan lemo da farin ɓawo, ga wadda ta jefa lemon a bilenda ko ta yanka shi da ɓawonsa cikin tukunya. Akwai ajiya: a cikin lemo akwai wani sinadari da ba shi da ɗaci sai bayan an matse, idan ruwan ya zauna wasu awanni sai ya rikiɗe ya zama mai ɗaci, limonin ake ce masa, zafi kuma yana gaggauta shi. Saboda haka wadda ta matse lemo da hantsi don girkin dare ta riga ta sayi ɗaci. Akwai doguwar tafasa, irin ta awa guda tare da kaza. Sai tafarnuwar da ta ƙone a mai, wadda sau da yawa ita ce mai laifin amma a ɗora wa lemo. Maganin duka: ki raba lemo biyu, ki matse da hannu ba tare da kin murje shi har ɓawo ba, ki tace da rariya, kuma ki yi hakan lokacin da kazar take kan wuta.

Tukunya ma tana da nata. Tukunyar dalma irin ta maƙera tana da kyau wajen tafasa nama, amma tsami yana cin ta, romon ya dusashe ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. Wajen haɗa romon ki nemi kasko mai faɗi na sitenles, ko wanda ba ya kamu, ko samirar da ba ta ɓare ba. Faɗin yana da muhimmanci: a tukunya mai zurfi ruwa yana daɗewa bai tsotse ba, duk daɗewar kuma ɗaci take ƙarawa.

Ga ma'auni na kazar gidan gona guda, mai kilo ɗaya da rabi, a yanka takwas ko goma. Lemon zaƙi bakwai ko takwas, su ba ki kofi biyu na ruwa, wato rabin lita. Idan da gwangwanin madara kike awo, gwangwani uku ke nan. Lemon tsami ɗaya. Zuma cokalin cin abinci biyu, ko sukari daidai haka. Ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, tafarnuwa ƙwaya huɗu, attarugu ɗaya, albasa madaidaiciya, kanumfari ƙwaya biyu kacal. Romon kaza kofi ɗaya. Man gyaɗa cokali uku, man shanu ko bota cokali biyu. Gishiri cokalin shayi biyu na jikin kazar. Idan za ki sa dunƙule, ki rage rabin cokali a kan kowane ɗaya. Karas rabin kilo.

Ki lura ban sa kori da tayim ba, ban sa daddawa ba. Kori yana danne ƙamshin lemo har ki rasa me kika dafa. Citta ce abokiyar lemo ta gaskiya, attarugu kuma shi ne zai hana abin ya zama kayan zaƙi a bakin mutanenmu, waɗanda ba su saba cin nama da sukari ba. Ɗan masoro da aka daka yana shiga da kyau. Kanumfari idan ya wuce biyu sai romon ya koma warin magani.

Bayan kin gyara kazar, ki tsane ta da tsumma mai tsabta har fatar ta bushe, ki shafe ta da gishiri da rabin cittar da tafarnuwar, ki bar ta rabin awa. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta soyuwa, sai dai ta yi ta tsartuwa a mai tana turara. Masu son jiƙa kaza cikin ruwan lemo kafin girki kada su wuce awa biyu, don tsamin yana lalata saman naman ya yi gari-gari alhali bai shiga ciki ba. Kuma a firij za a yi wannan jiƙo. Ɗanyar kaza ba ta wuce awa biyu a waje, a zafin Maris da Afrilu na Bauchi ma awa ɗaya ce iyaka. Idan babu wutar lantarki, ki haƙura da jiƙon kawai, ba za ki rasa komai ba. Ruwan da ɗanyar kaza ta kwanta a ciki ba a shafa shi a kan dafaffiya sai an tafasa shi sosai.

Ki zuba man gyaɗa a kasko, wuta matsakaiciya mai ɗan ƙarfi, ki jera yankan fata na ƙasa, da tazara a tsakaninsu. Idan kaskon ƙarami ne ki yi sau biyu. Kada ki taɓa su har minti shida zuwa takwas. Idan kika ɗaga kika ji fatar ta kama, ba ta gama ba, da kanta za ta saki. Ki juya, minti huɗu, ki kwashe. Ki tsiyaye man ki bar kamar cokali ɗaya. Wannan jan kamu da ya manne a gindin kasko kada ki kankare shi ki zubar, shi ne rabin daɗin romon, matuƙar dai ja ne ba baƙi ba. Ki rage wuta, ki soya albasa minti uku, ki sa sauran citta da tafarnuwa da attarugu na rabin minti kawai, sai ki zuba romon kaza kina goga gindin kaskon da muciya ko cokalin katako har kamun ya narke. Ki mayar da cinyoyi da fukafukai, ki rufe, minti goma. Sannan ki sa ƙirji, wani minti goma zuwa sha biyu. Ƙirji ba shi da mai, idan ya shiga tare da cinya zai bushe ya yi zare-zare.

Yayin da wannan yake tafiya sai ki matse lemo. Ki kwashe kazar a faranti ki rufe, ki zuba ruwan lemo da zuma da kanumfari a kan ɗan romon da ya rage, ki bar kaskon a buɗe. Kofi biyun nan za su tsotse su koma kamar rabin kofi zuwa kashi uku cikin huɗu na kofi, abin da yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. A nan ne tsululun naki ya samo asali: rufe tukunya yana mayar da tururi ciki, ruwan ba ya raguwa. Ki tsaya a kai ki duba kumfar. Da farko ƙanana ne masu saurin fashewa, kamar na tafasar ruwa. Can za ki ga sun zama manya, suna tashi a hankali suna ƙyalli, launin ya koma kamar na zuma. Ki tsoma cokali, ki ja yatsa a bayansa: idan layin ya tsaya bai haɗe ba, ya yi. Daga wannan lokaci zuwa ƙuna bai fi minti biyu ba, don haka ba lokacin amsa waya ba ne. Ki tuna kuma yana ƙara kauri idan ya huce, gara ki sauke da ɗan saura.

Yanzu ki mayar da kazar da ruwan da ya tsatso a farantin, ki rage wuta, kina ɗiban romon da cokali kina kwarara mata, kina juyawa, minti huɗu ko biyar, har kowane yanka ya sha ya yi sheƙi. Ki kashe wuta, sannan ki sa gogaggen ɓawo, rabin lemon tsami, da cokali ɗaya na man shanu ko bota mai sanyi, ki girgiza kaskon. Man nan shi yake haɗe romon ya ba shi santsi. Idan aka tafasa bayan an sa shi sai ya rabu ya taso sama. Ki ɗanɗana. Zaƙi ya yi yawa, ƙara lemon tsami. Tsami ya yi yawa, ɗan zuma. Kika ji salam, gishiri yake so. Ɗan ɗaci kaɗan, ɗan gishiri da ƙarin mai suna rufe shi. Amma idan sukarin ya ƙone har yana warin ƙauri, babu gyara, ki zubar ki sake matse wani lemo, kada ki yi asarar kazar a kai. Gishirin romon kuma a ƙarshe ake daidaita shi, domin abin da ya yi daidai a kofi biyu zai zama ninki uku ko huɗu idan ruwa ya tsotse.

Idan baƙi suna jira, ko kina son romo mai yawa na zubawa a shinkafa, ki tsaya idan ya koma kofi ɗaya, ki dama kwanfulawa cokalin shayi ɗaya da ruwan sanyi cokalin cin abinci ɗaya, ki zuba, ya tafasa minti ɗaya. Zai yi kauri, sai dai ɗanɗanonsa bai kai na wanda ya tsotse da kansa ba. Kada ki ci gaba da tafasa shi, tsami zai sake tsinka shi.

Duk wannan lissafin lokaci na kazar gidan gona ne. Kazar Hausa, zabo, da tsohuwar kazar ƙwai wani zance ne: dole a tafasa su tukuna da albasa, citta da gishiri har su yi laushi, kazar Hausa daga minti 45 zuwa sama da awa gwargwadon shekarunta, tsohuwar ta ƙwai takan kai awa ɗaya da rabi. Sai a tsane, a soya sama-sama, a yi amfani da romon tafashen wajen haɗa na lemo. A ganina zabo ya fi duka dacewa da wannan girki, ƙarfin ɗanɗanonsa yana tsaya wa zaƙin, sai dai ba shi da kitse, ki ƙara masa mai. Agwagwa ita ce asalin abin a Faransa, inda suke haɗa ta da wani lemo mai ɗaci da tsami wanda ba a shan sa haka. Lemon tsamin da na ce ki ƙara shi yake cike wannan gurbi a wurinmu. Idan agwagwar za ki yi, ki tsattsaga fatar ba tare da kin kai nama ba, ki ɗora a kasko tun yana da sanyi babu mai, ƙaramar wuta, kitsen ya narke a hankali, ki riƙa tsiyaye shi.

Karas kuma shi kaɗai za ki dafa shi, a wani kaskon. Lokacin sanyi ya fi zaƙi da araha, lokacin da na Jos da na fadamu suke cika kasuwa, kuma lemo ma a lokacin yake da yawa. Ki zaɓi matsakaita masu ƙarfi, waɗanda suke karyewa ƙaras idan an lanƙwasa. Manya-manyan nan sukan yi itace a tsakiya, idan su kika samu ki tsaga huɗu ki cire zuciyar. Koren da ke wuyan wasu, inda rana ta taɓa, ki yanke shi, yana ɗaci. Ki kankare, ki yanka a karkace kaurin santimita ɗaya, duka daidai, in ba haka ba wasu su narke wasu suna garas-garas. Ki zuba a kasko da rabin kofi na ruwa, cokali ɗaya na man shanu, da rabin cokalin shayi na gishiri, ki rufe minti biyar ko shida, har bakin wuƙa ya shiga da ɗan turjiya. Sai ki buɗe, ki zuba rabin kofi na ruwan lemo, wato ƙarin lemo biyu, da cokali ɗaya na zuma, ki ƙara wuta, kina girgiza kaskon, minti biyar zuwa bakwai, har ruwan ya ƙafe ya bar danƙo a jikin kowane yanka. Idan danƙon ya yi amma karas da saura, ruwa cokali biyu za ki ƙara, ba lemo ba. Idan karas ya nuna ruwa bai ƙafe ba, ki kwashe shi, ki ƙarasa tsotse ruwan, ki mayar. Kanwa kada ta zo kusa: tana kashe tsamin lemon, ta dagargaza karas. Man da ke ciki kuma ba don daɗi kaɗai ba ne, sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A a cikin karas sai da mai yake shiga jiki sosai. Soyayyen man shanu ki yi amfani da shi, ɗanye yana da ƙarnin da lemo ba ya iya rufewa.

Sai gawayi, inda kika ƙone. Ki haɗa danƙon lemon daban tun farko, ki bar shi ya ɗan fi na kasko kauri. Ki jira garwashi ya yi farin toka, ki tura shi gefe ɗaya na murhun. Kazar da gishiri da citta da ɗan mai kawai za ta hau wuta, a gefen da babu garwashi kai tsaye, ki kifa mata babban kwano, kina juyawa, minti 30 zuwa 35. Sai ta nuna za ki fara shafawa: ki shafa siriri, minti biyu, ki juya, ki sake, sau uku ko huɗu, duka a cikin minti takwas zuwa goma na ƙarshe. Shafi siriri sau huɗu ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda zai zuba a wuta ne kawai ya tayar da hayaƙi. A obin ma haka ne, digiri 200, minti 30 babu danƙo, sannan minti goma da shi. Mai gashi a tukunya da yashi ta rage wutar ƙasa kafin ta shafa.

Shaidar nuna ita ce digiri 74 a tsakiyar cinya ga mai ma'aunin zafi. Wadda ba ta da shi ta soka wuƙa kusa da ƙashi: ruwa ya fito garau, nama ya rabu da ƙashi ba da ƙarfi ba. Ƙananan kajin gidan gona, musamman waɗanda suka kwana a ƙanƙara, ƙashinsu yakan yi duhu da ɗan ja a gefensa ko sun nuna, wannan ɓargo ne ya tsatso. Abin gudu shi ne nama mai santsi da ruwan hoda.

Ki bar kazar ta huta minti biyar kafin ki zuba. Farar shinkafa ta fi komai karɓar wannan romo, sai dankalin turawa ko kuskus. Masarmu ta Bauchi tana da nata zaƙi da tsami, idan da ita za a ci ki rage zuma zuwa cokali ɗaya ki ƙara attarugu, ki ajiye yaji a gefe. Idan akwai jaririn da bai kai shekara ba da za a ɗanɗana wa karas, a yi da sukari, ba a ba jarirai zuma ko dafaffiya ce. Abin da ya rage a sa a firij, a ci cikin kwana uku. Wajen ɗumame ki yayyafa ruwa cokali biyu, ki rufe, ƙaramar wuta, ki goga sabon ɓawo kaɗan bayan kin sauke.